Yadda Za Ka Tsere wa Fartanya a Gonar Surukinka da Lamba 30,031

Ɗan'uwa, samu wuri ka zauna, ka zo inda za a share maka hawaye. Na san abin da ya kawo ka. Ka ga yarinya ta kwanta maka a rai, ita ma ba ta ƙi ka ba, manya har sun fara gaisawa, sai ga damina ta sauka, aka aiko maka cewa ka tara abokanka ku je gayya gonar mahaifinta. Kai kuwa rabonka da fartanya tun kana aji huɗu na firamare, ranar da ka sari ɗan yatsan ƙafarka aka ce ka koma gida.

To, ga albishir. Akwai hanyar da mutum zai shiga gonar suruki ya fito da mutuncinsa, ba da ƙarfin damtse ba, da lamba guda ɗaya tak. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan tara yadda na jera su, garin ba zai taɓa mantawa da kai ba, kuma za a ba ka matar. Ba a bakin wani na ji ba. Ni Abdulhadi, wanda aka fi sani da Hadi mai caji a tashar Bagwai, ni na ƙirƙiro hanyar, a kaina na fara gwada ta, ga shi yau ina da aure.

Mataki na ɗaya: Ka san wanda za ka kara da shi

Kada ka raina tsoho don ka ga ba ya riƙe waya. Nawa surukin, Baba Ɗanliti na Unguwar Marke, bai taɓa tambayata girman shagona ba, bai nemi ganin takardar diflomata ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi na durƙusa, sai ya miƙo min hannu, abin da ba kowane dattijo yake yi wa mai neman 'yarsa ba. Na ɗauka karramawa ce. Ashe ba ita ba ce. Ya riƙe hannun nawa, ya juya tafin sama, yana shafawa da babban yatsansa yana tambayata mutanen gida. Da ya gama sai ya ce, "Madalla. Auduga kuke sayarwa a shagon naku?"

Ka bincika tarihinsa kafin ka yi motsi. Ni da na bincika, na tarar ya aurar da 'ya'ya mata uku, kuma mazajen nan uku babu wanda bai yi masa noman fari da hannunsa ba. Akwai wani da ya riga ni neman 'yarsa Nazira, ɗan kasuwar dabbobi, mai mota. Shi da aka ce ya zo gayya sai ya loda 'yan ƙodago ya kawo, ya zauna a mota yana nuna musu wuri da makulli. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya sa aka dama masa fura mai sanyi a sabuwar ƙwarya, ya sha, aka yi masa godiya, aka raka shi bakin hanya. Tun daga ranar ba a sake yi masa iso ba. A Unguwar Marke in ka ji an ce wane ya sha furar Baba Ɗanliti, to ka yi masa jaje.

Saboda haka da Kawu Mati, ƙanin mahaifiyata, ya je zancen sa rana, Baba ya ce masa, "A bari a yi noman fari tukuna," na gane karatun. Ko fartanya, ko fura. Aikinka a nan shi ne ka nemo hanya ta uku.

Mataki na biyu: Samo lamba, amma kada ka ƙirga da kanka

Mutanen karkara suna girmama abu biyu, ruwan sama da abin da ba su gane ba. Ruwa ba a hannunka yake ba, don haka ka nemi lamba. Kada ta zama ƙarama, kowa ya san ɗari. Kada kuma ta zama ƙirƙirarriya, tsoho yana jin warin ƙarya tun daga nesa. Ka nemi lambar da ta fito daga cikin gonarsa, wato yawan tushen geron da ke cikinta.

Sai dai kada ka kuskura ka ce za ka bi gona kana ƙirgawa. Wannan ma ai aiki ne, kuma aiki muke gudu. Ka tambayi na gida.

Ni Nazira na tambaya, wata la'asar a zauren gidansu, tana duba littattafan 'yan ajinta. Malamar lissafi ce a firamaren garin. Na san da haka, amma a ganina lissafin 'yan aji uku bai wuce goma sau goma ba.

Na ce, "Malama, shin tushen gero nawa ne a gonar Baba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Dubu talatin, da guda talatin da ɗaya."

"Wato kusan dubu talatin kenan."

"Ban ce kusan ba, Malam Hadi. Dubu talatin, da talatin da ɗaya. Me za ka yi da su?"

"Wani ɗan bincike ne."

A nan ne ta ɗago ta dube ni, sannan ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ka lura da kyau, ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Kai ma kada ka tambaya. Mai ilimi ba ya jera tambaya biyu a gaban budurwa, sai ta zaci bai san komai ba.

Mataki na uku: Ka san asalin lambarka da danginta

Koma shago, ka ɗauki waya, ka buɗe kalkuleta, ka zauna da lambar nan kamar yadda ake zama da baƙon da za a ba wa aure. Ka san gidansu, ka san halinta.

Da farko, 30,031 mara ce, ba cika ba. Ma'ana in ka raba ta gida biyu sai ɗaya ya yi saura. Wannan kowa ya sani, amma ka faɗe shi duk da haka, don mutane suna son su ji malami ya fara da abin da suka gane.

Na biyu, ba ta cikin lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta. Ɗari da saba'in da uku sau kanta bai kai ta ba, ya tsaya a 29,929. Ɗari da saba'in da huɗu sau kanta ya wuce ta, ya tafi 30,276. Ita tana tsakiya, ba ta ga maciji da kowannensu. Fassararsa ga manomi ita ce, ko Baba ya so ya shirya shukar nan tsawo da faɗi su zo daidai, lambar ba za ta yarda ba.

Na uku, in ka tara alƙalumanta, uku da sifili da sifili da uku da ɗaya, za ka samu bakwai. Wannan ba ya nufin komai. Amma ka faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa, kana kallon nesa, ka ɗan yi shiru bayansa.

Na huɗu shi ne jarin gaba ɗaya. Dubi maƙwabciyarta ta ƙasa, 30,030. Wannan baiwar Allah ba ta da rowa ko kaɗan. Biyu sau uku, sau biyar, sau bakwai, sau goma sha ɗaya, sau goma sha uku, ita ce cif. Duk wanda ya zo cikin waɗannan ya ce a raba, sai ta rabu ba gardama. Tamu kuwa ta ɗara ta da ɗaya. Saboda haka raba tamu da biyu, saura ɗaya. Da uku, saura ɗaya. Da biyar, da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, kullum ɗayan nan yana tsaye a gefe. Ranar da na gano haka sai da na tashi na zaga shago sau biyu, wani mai karɓar wayarsa ya tambaye ni ko lafiya.

Mataki na huɗu: Ka yanke mata hukunci

Akwai wani jinsin lambobi masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa da kowa sai da ɗaya da kuma kansu, irin su bakwai da goma sha uku da talatin da ɗaya. A makaranta firayim ake ce musu. Ni na raɗa musu gagara-rabo, don ya fi shiga kunne. Burinka shi ne ka tabbatar lambarka gagara-rabo ce.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka yi ta raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko akwai wadda za ta shige ta ba saura. Na fara daga biyu. Na wuce goma sha bakwai, na wuce ashirin da uku, na wuce talatin da bakwai, na wuce arba'in da bakwai, babu wadda ta iya da ita. Da na kai hamsin sai na ajiye waya. Hamsin lamba ce mai kyan tsayawa, ga shi an kira azahar, ga babban yatsana ya fara gajiya.

Kai ma ka tsaya a hamsin. Abin da ya gagari lambobi har hamsin, wa kake tsammani zai zo daga baya ya iya da shi?

Mataki na biyar: Zaɓi 'yan gayya goma sha uku

Ba goma sha biyu ba, domin da sha biyu bakwai ne zai yi saura, kuma tushe bakwai ya yi maka yawa. Goma sha uku cif, kai na sha huɗu. Kowannensu zai ɗauki tushe 2,310, sai ɗaya ya rage. Ka fara hango inda muka dosa ko?

Ka samo babban kwali, irin na katan ɗin batir, ka rubuta lissafin da manyan baƙaƙe, ka ja layi biyu a ƙarƙashin ɗayan nan da jan biro.

Ka sa amininka ya tara maka mutane. Nawa aminin Usaini ne, mai faci a gefen shagona, mutumin da muka tashi tare tun muna cin ƙasa. Ya tara min sha uku, har da shi. Ana gobe gayya sai ga Shafi'i, wani ƙato mai dakon buhu a kasuwa, ya zo da kansa ya ce ya ji labari, zai zo ya taya ni don zumunci. Na yi masa godiya na ce mun cika. Na riga na rubuta kwali, kuma ba ni da wani. Ka riƙe sunan Shafi'i, za mu sake haɗuwa da shi.

Mataki na shida: Shigar malamai, da jawabi

Ka sa farin kaftani. Ka sa tabarau, ko da idonka garau yake. Ka soke biro biyu a aljihu. Ka riƙe sabuwar fartanya, don kada a ce ka zo hannu rabbana, amma kada ka cire takardar da ke manne a ƙotarta.

Mun isa da sassafe, an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta taso ta kusa shanye geron. Gonar Baba doguwa ce siririya, ta faro daga gindin ɗorawa ta miƙe har bakin burtali, gonakin maƙwabta sun matse ta dama da hagu. Mai gangar noma ya riga mu zuwa. Inna Tani, mahaifiyar Nazira, ta aiko da koko da ƙosai, Nazira da yayyenta biyu suka kawo. Surukan Baba uku suna nan, da maƙwabta da suka zo kallon hannun sabon mai nema. Baba na zaune a kan buzu a gindin ɗorawa.

Kafin kowa ya sunkuya, ka ɗaga hannu ka ce a dakata. Ka jingina kwali a jikin bishiya. Ni ga yadda na fara:

"Baba, jama'a, gayya ba ta yin albarka sai da adalci. Bai kamata wani ya noma fiye da wani ba. Na yi bincike, na gano gonar nan tana da tushe dubu talatin da talatin da ɗaya."

Aka yi "Kai!" Wani maƙwabci ya ce, "Ikon Allah, har ya ƙirga."

Daga nan na zuba musu komai. Na ce mara ce. Na kawo zancen ɗari da saba'in da uku. Na faɗi bakwai ɗin nan da murya ƙasa-ƙasa ina kallon burtali, har mai ganga ya ce, "Allahu Akbar." Na gabatar da maƙwabciya mai kyauta, na nuna yadda ɗaya yake yin saura ko ta ina aka ɓullo. Sannan na rufe da cewa lambar gonar Baba gagara-rabo ce, duk duniya babu lambar da za ta raba ta daidai, daga nan har birnin Sin.

Ka saci kallon budurwarka a wannan gaɓar. Tawa ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna ɗan motsi. Na ɗauka alfahari ne ya cika ta.

Mataki na bakwai: Yi alkawari a gaban shaidu

Yanzu ka sassauta murya, ka nuna sadaukarwa. Ka ce tun da abokanka sun bar sana'o'insu sun zo dominka, ba za ka ɗora musu matsalar ragowa ba. A raba musu daidai wa daida, abin da ya yi saura kai za ka ɗauka.

Na faɗi haka, sai Baba ya gyara zama. Ya ce, "Malam Hadi, kunnena ya fara nauyi. Maimaita."

"Na ce a raba wa mutum goma sha uku daidai, Baba. Duk abin da ya rage nawa ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ban yarda ko mutum ɗaya daga cikinsu ya taya ni ba."

Ya juya wajen surukansa. "Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji, Baba." Babban cikinsu har da murmushi, irin na wanda ya taɓa bin hanyar.

In tsoho ya sa ka maimaita magana sau uku a gaban mutane, alama ce ta cewa maganar ta burge shi. Haka na fahimta a lokacin.

Mataki na takwas: In aka aika a ɗauko igiya, ka natsu

Baba ya ce, "Ilimi ya yi, Allah ya ƙara basira. Sai dai ni tun da nake ban taɓa ganin an raba gona tushe-tushe ba. Mutum zai tsaya a tsakiyar layi ya ce nasa ya ƙare? Mu nan kunya-kunya muke rabawa, kowa ya kama layinsa daga ɗorawa har burtali. Nazira, miƙo min igiyar can."

Sai ga wata doguwar igiyar roba an naɗe ta a jikin itace, duk jikinta ƙulli. Ashe shekara ashirin kenan da wani malamin gona ya koya wa Baba shuka da igiya, ya kuma riƙe abin fiye da malamin. Ana miƙe ta a kan kunya, kowane ƙulli rami ɗaya. Ramin da bai fito ba kuwa sai ya koma ya cike shi. Nazira ce take riƙe masa ɗaya bakin tun tana 'yar shekara bakwai.

"Ƙulli nawa ne a jiki?" in ji Baba.

"Ɗari biyar da tara, Baba."

Ya dube ni kamar mai ba da haƙuri. "Ɗari biyar na so, sai gonar ta fi igiyar tsawo, na ƙara guntu. Kunya nawa muke da ita?"

"Hamsin da tara."

"To Malam, buga mana a na'urar taka. Hamsin da tara sau ɗari biyar da tara."

Na buga. Ban taɓa ganin waya ta ba da amsa da sauri irin na ranar ba. 30,031. Lambar da na rantse ba ta rabuwa daga nan har birnin Sin, ga ta a rabe a gabana, layi hamsin da tara, kore shar, tun ranar da aka shuka ta. Taku tara ne kawai tsakanin inda na tsaya da inda asirina yake.

"Ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"Alhamdulillahi. Sai ka raba mana hamsin da tara gida goma sha uku."

A nan ka yi ƙoƙarin ɓuya a bayan ɗigo. Na ce, "Huɗu ne da ɗigo biyar, uku, takwas..."

"Ba ma shuka ɗigo a gonar nan," in ji Baba.

Sai Usaini, aminina, wanda na sha ba shi caji kyauta, ya fara lanƙwasa yatsu da ƙarfi don kowa ya ji. "Hurhuɗu sau sha uku, hamsin da biyu. Saura bakwai. Kai Hadi, ashe gaskiyarka, ka ce akwai bakwai a cikinta!"

Dariyar da aka yi har masu noma a gonar maƙwabta sai da suka miƙe suna leƙe. Abokaina kowa ya samu kunya huɗu, tushe 2,036, ƙasa da abin da na rubuta musu a kwali, don haka babu wanda ya ga dalilin ɗaukaka ƙara. Ni kuwa kunya bakwai, tushe 3,563. Da na bar Shafi'i ya zo, da sun zama sha huɗu, hurhuɗu hamsin da shida, da uku kawai za ta rage min. Har yau in na hango shi da buhu a ka sai na sauya hanya.

Mai ganga ya saki kiɗa, mutane suka sunkuya. Baba ya yafito ni, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaro, in alkawarin ya yi maka nauyi na yafe maka, babu komai. Akwai fura a gida, sai a dama maka."

Babur ɗina yana nan a jingine, hanyar Bagwai a buɗe. Na dubi kunya bakwai ɗin nan, ko ƙarshensu ba na gani sosai. Na dubi Nazira, na ga ta daina dariya, ta ƙura min ido, ta riƙe murfin kwano ba ta san ma tana riƙe da shi ba. Gaskiya tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron fartanya ba ne. Ji na yi in na hau babur ɗin nan, shi kenan ba zan ƙara zama a zauren nan ina kallonta tana duba littattafai ba, kuma ban san abin da zan yi da sauran la'asar ɗin rayuwata ba.

Na ce, "Na gode Baba, na ƙoshi." Na tuɓe kaftani, na cire takardar jikin ƙota.

Mataki na tara: Sunkuya

Wannan matakin ba shi da dabara. Ka kama ƙota, ka sunkuya, ka ja.

Abokaina sun gama nasu kafin la'asar, suka ci tuwo suka tafi suna yi min fatan alheri. Kunyoyina bakwai suna can gefen gabas, inda babu bishiya sai gawo guda ɗaya, shi kuwa gawo ka san da damina yake zubar da ganye. Ranar farko na yi kunya biyu. Kafin azahar tafina ya yi bororo, kafin la'asar bororon ya fashe. Na kuma sare gero goma sha ɗaya, don a idona ƙaramin gero da ciyawa duk ɗaya ne. Baba ya zo ya duba, ya nuna min yadda ake ciro dashe daga tushen da ya yi yawa a mayar a gurbin.

Rana ta biyu na zo da tsumma a naɗe a hannu, bayana kuma ya ƙi miƙewa, a sunkuye na sauko daga babur. Da hantsi Nazira ta kawo min kunu, ita da yayarta, yayar ta tsaya daga nesa.

Ta ce, "Sannu da bincike. Na ji jiya ka mayar da ita 30,020. Ka ga wannan cika ce, tana rabuwa da biyu, da huɗu, da biyar, da goma. Ka gyara mata hali."

"Malama, ki ji tsoron Allah."

"Ta asalin ma ba ta da laifi. Masu raba ta huɗu ne kacal, ɗaya, da hamsin da tara, da ɗari biyar da tara, da ita kanta. Biyun tsakiyar nan kuwa dukkansu gagara-rabo ne na gaske. Ka kusa, iyayenta ne masu taurin kan, ba ita ba."

Na ajiye kofi. "Kin san abin da zan yi tun ranar da na tambaye ki?"

"Na yi zato."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Ka tambaye ni nawa ne. Ba ka tambaye ni yadda aka yi na sani ba." Ta dubi tsumman hannuna, muryarta ta sauya. "Da na gaya maka, da ka je ka nemo wata dabarar. Kana da kai, wataƙila da ta yi aiki. Da ta yi aiki kuwa, da yanzu ka sha fura. Ni kuma na gaji da ganin ana wanke ƙwaryar nan."

Ta ɗauki kofinta ta tafi. Ranar kunya uku na yi, ban sari gero ko ɗaya ba.

Rana ta uku da yamma na iso ƙarshen kunya ta bakwai, bakin burtali, shanu suna wucewa gida. Saura tushe ɗaya. Na ɗaga fartanya kenan sai na ji an ce, "Tsaya." Baba ne, da wata tsohuwar fartanya da bakinta ya cinye saura kaɗan.

"Wannan ne ɗayan da ka ce yana hana rabo?"

"Shi ne, Baba. Amma na yi alkawari babu mai taya ni."

"Su sha ukun ka hana. Ni gonata ce."

Ya sunkuya, sara biyu, ya share gindin geron tas, ya tara masa ƙasa. Sannan ya miƙo hannu. Na ba shi nawa. Ya warware tsumman, ya juya tafin sama, ya danna da babban yatsansa, sai da na ga taurari da rana tsaka. Ya jima yana kallo.

Ya ce, "Ka ce wa Mati ya zo ranar Juma'a."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin bororo, ko kantar hannu, ko ciwon baya, ko sunan da za a laƙaba maka a garin surukanka. Ni Malam Saura suke ce min, har yaran Nazira na aji uku. Ba shi da alhakin maimai, wato noma na biyu, wanda yake zuwa bayan sati uku babu wanda ya gaya maka, ko damina mai zuwa, ko wadda ke bayanta. In ka tsaya a hamsin, kai ka tsaya. In ka kori Shafi'inka, kai ka kore shi. Na yi maka alkawarin ba za a manta da kai ba kuma za a ba ka matar, ka koma sama ka duba, ban ce komai game da fatar hannunka ba.

Kada kuma ka kira ni don ƙorafi, ba lallai na iya ɗauka da wuri ba. Tun daminar nan wayata ta daina gane zanen yatsana, duk shekara in ya fara dawowa sai a yi ruwan shuka. Sai dai na buɗe ta da lambar sirri, ita ma Nazira ce ta sa min, kuma ba sai na gaya maka ko wace lamba ce ba.